Muryar Altine ta Majigi

Litinin, 5 ga Agusta 1968, da hantsi

Gwangwanayen fim sun iso daga Kaduna. Gidan Ɗangana ne, zubi na biyu, wanda yaran Yelwa suka dame ni da tambayarsa tun bara. Malam Zaidu, shugaban ofishinmu, ya ce in kalli kashi na farko kafin a nuna wa jama'a, in rubuto masa ra'ayina shafi biyu, wai manyan can sama suna son su ji ko abin zai shiga mutane. Na ce to. Tun shekarar da aka sami mulkin kai nake riƙe da lasifikar majigi, ba wanda ya taɓa neman ra'ayina sai yanzu da ba ni da shi.

'Yan zanen nan ba su da baki. Wanda ya zana su kiɗa kawai ya sa musu, ya bar mini sauran. Ni ne Ɗangana mai tumbi, ni ne matarsa Kulu, ni ne 'ya'yansu, har akuyar gidan ni ke yi mata kuka. Sunayen ma ni na raɗa musu, ba rago ba goro. Mutum ɗaya da gida guda cur a maƙogwaronsa, in ya tashi aiki kuma ya koma inda ko kaza ba ta motsi.

Matata Halimatu tana Gungun Kanya wajen Innarta har yanzu. Ta aiko mai jirgin albasa ya gaya mini sai an gama kwashe albasar da ke rumfa za ta dawo. Watan jiya ma abin da ta ce ke nan.

Litinin, bayan la'asar

Mun toshe tagogin sito da buhuna, Haruna direba ya tada injin wuta, muka haska a bango.

A wannan zubin an tashi su Ɗangana daga gungunsu saboda ruwan dam, za su koma sabon gidan siminti. Gaskiya akwai dariya. Ɗangana ya rantse ko tsinke ba zai bari ba, ya loda turmi da gado da tukwane har da ƙyauren ɗaki, jirgi ya nutse da shi a inda ruwa bai kai gwiwa ba, ya zauna a ciki da hularsa a kai yana jiran a zo ceto. Haruna sai da ya riƙe ciki. Kulu kuma an gyara ta bana, ta fi bara kaifi. Kallo ɗaya take yi wa mijin ya sauke abin da ya ɗauko.

Amma mai zanen nan bai taɓa shiga jirgi a kogin Kwara ba, ko rantsuwa na yi ba kaffara. Ɗangana yana tuƙi ya juya wa inda za shi baya. Akuya ta shiga jirgi da ƙafarta, ba ja ba turi. Sannan ga miji da mata suna cin tuwo a kwano ɗaya a gaban yara. Wannan dai zan iya rufe shi da baki, in ce sauran kwanonin sun nutse.

Kusa da ƙarshe na ce wa Haruna ya tsayar, zan yi alwala. Ya tsayar. Bai ce mini ai yanzu muka yi la'asar ba.

Talata, da safe

Shafi biyu. Na rubuta kwanan wata a sama.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

Na kalli sauran, ni kaɗai.

An kai tsakiyar gulbi, Kulu ta ƙirga kawuna, ta ga babu ƙaramar. Aka juya jirgi. Aka duba ɗaki, aka duba bayan gida, ashe yarinyar tana cikin rumbu rungume da kazarta, ta ƙi fitowa. Ɗangana ya cusa kai zai jawo ta, tumbi ya maƙale a bakin rumbun, aka yi ta jan ƙafafunsa. Daga ƙarshe ta fito don kanta, ta hau kafaɗarsa, kowa ya shiga jirgi, sai ga sabon gari fari tas yana jiransu. A takardar da ta zo da fim ɗin an rubuta abin da ake so mai lasifika ya rufe da shi: ba a bar kowa a baya ba.

An yi shi da kyau. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yarinyar ko tsawon yatsa ba ta ƙara ba tun bara, ɗankwalin nan dai nata mai ɗigo-ɗigo, tafiyar nan dai ta masu neman rigima.

Bara da aka kawo zubin farko ba ta da suna, ba ta da murya. A gidana kuwa akwai ɗiyata, mai irin tsayinta da irin taurin kanta, wadda in aka raba wani abu ko wani ya sa takalmi zai fita sai ta tare ƙofa ta ce, “To ni hwa?” Ban yi dogon tunani ba na ɗauki sunan da muryar da maganar na ba 'yar zane. Kafin sati Altine ta majigi ta gama Yelwa. Mahauta na faɗa, 'yan kwale-kwale na faɗa, har wani liman aka ji ya faɗa wajen rabon goron ɗaurin aure.

Halimatu sai da ta yi kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba. Ɗiyar fari, ta ce, a lasifika, gari duk yana ji? Ita da ko sunan ba ta kamawa, sai dai “ke” ko “wance”. Ita da in yarinyar ta faɗi a gaban mutane sai ta kau da kai, ta bar maƙwabta su ɗaga ta. Na ce ai ba tawa na kira ba, ta Ɗangana na kira. Ta ce bakina shi zai yanka ni wata rana.

Da bazara yarinyar ta bi kakarta gungu. Ni ina Shanga da majigi. Baƙon dauro ya shiga gungun. Ko da na iso an riga an dawo daga binne ta, maza na wanke ƙafa.

Na ci tuwon kasuwa. Miyar ta yi tsami.

Juma'a, bayan masallaci

An ce an rufe ƙofofin dam can Kainji, ruwa ya fara taruwa. A masallaci ba a maganar komai sai ita, ko yaƙin da ake yi a kudu yau ba a taɓo shi ba. Haruna ya ce turakun da aka shafa wa farin fenti a bakin gulbi, na ƙasa ya riga ya shige. Gungaye da yawa an kwashe su, sai Gungun Kanya da ke da sauran gidaje, gidan surukata na ciki.

Mai jirgin albasa ya zo. Albasa ta ƙare. Yanzu kuma gero ne, wai sun shuka a bayan gida, ba a barin gero a tsaye. Na ce ya gaya mata ruwa ba ya jiran gero. Ya ce zai faɗa, amma yana kallon ƙasa.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Jiya bayan isha'i aka fara nunawa a filin kasuwa. Hadari ya taso ya wuce, Allah ya taimake mu. Jama'a har kan katangar mahauta.

Na yi Ɗangana, na yi Kulu, na yi akuya har wani kare ya amsa mini. Wajen nutsewar jirgi mata suna dariya suna dukan cinya. Da yarinyar ta fito a ƙyalle filin ya ɗauki ihu, yara suna faɗin maganar tata tun kafin in buɗe baki. Na buɗe bakin. Sai na yi kukan kaza. Duk inda ya kamata ta yi magana kazar na ba wa, har aka gama.

Ina naɗe waya wata tsohuwa mai ƙosai ta tare ni.

“Malam Mamuda, mi as sami ɗiyar Ɗangana? Kurumcewa tay yi?”

Na ce mura take yi. Ta ce a ba ta citta da zuma, kuma da gaske take.

Litinin, da la'asar

Na kai wa Malam Zaidu shafi biyunsa. Na yabi jirgin da ya nutse, na yabi Kulu, na caccaki tuƙin baya da akuya mai biyayya. A ƙarshe na ba da shawara a yanke wajen rumbu, a cire yarinyar daga sauran kashin gaba ɗaya, wai tana jan labari kuma tana koya wa yara gardama. Na kawo dalilai har ni kaina na kusa yarda.

Ya karanta a tsaye. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce ba zai aika ba tukuna. Ya ce in abin murya ne, akwai wani malamin makaranta a Birnin Yauri mai iya kwaikwayon yara, za a iya ba shi ita, ni in riƙe sauran. Na ce hakan ma ya yi. Ya ce Allah ya ƙara haƙuri, na ce amin, muka koma maganar man injin wuta.

Kowa ya sani, kowa yana da kirki, ba mai cewa komai.

Laraba, da asuba

Ruwan sama tun jiya. Ɗakin Halimatu yana yoyo ta kusurwar gado, na sa kwano.

Alhamis, 15 ga Agusta, da yamma

Zipora, maƙwabciyarmu mai aiki a ɗakin shan magani, ta miƙo mini dafaffen masara ta kan katanga. Mutuniyar kan dutse ce, Kirista, ba ta san zagaye-zagaye ba. Ta kira sunan yarinyar gatsau, kamar yadda take kiranta da can in za ta ba ta rake. Sai da na dafa katanga.

Ta tambaye ni, ranar da abin ya faru, wa aka yi wa gaisuwa. Na ce kakar, mana, a hannunta take. Da ni, maza sun yi mini. Ta ce to uwar fa? Na ce ai ɗiyar fari ce, ba a yi wa uwa wannan, kunya za a ba ta. Halimatu ma ranar ita ke ɗebo wa masu gaisuwa ruwa, idonta a bushe, tsofaffi suna yaba mata.

“Ku da kunyarku,” in ji Zipora. “Kun yaba mata, kun tahi kun bar ta da shi. Kai kana tsammanin gero take tsaro?”

Na ce masarar ta yi daɗi. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Na san ba gero ba ne. Tun albasa na sani. Amma sani daban, a ce maka daban, kuma ni da ake biya don in yi magana ban san ta inda ake fara wannan ba. Da Ɗangana ne da tuni na sa masa kalmomi a baki.

Lahadi, 18 ga Agusta, Shanga, da hantsi

Mun nuna a nan jiya. An yi dariya yadda ya kamata. Na sake ba kaza.

Ɗakin da aka sauke mu shi ne na wancan zuwan. Na ce wa Haruna zafi ya yi yawa, na kwana a mota.

Laraba, 21 ga Agusta, wajen Ngaski, da azahar

Jiya da dare ne na ga abin da ya kamata in sa a shafi biyun. Mun nuna a ɗaya daga sababbin garuruwan da aka gina wa mutanen gungu. Gidajen a jere suke, duk iri ɗaya, rufin a lanƙwashe kamar bayan kunkuru, har wani tsoho ya ɗaura tsumma a ƙofarsa don ya riƙa gane tasa.

A Yelwa an yi dariya da Ɗangana ya loda ƙyauren ɗaki. Nan ba wanda ya yi. Haruna ya taɓa ni ya nuna mini da baki, sai ga ƙyamaren itace jingine a jikin gidajen siminti, an ɗauko su daga gungu, ba su shiga sababbin ƙofofin ba, an kuma kasa jefarwa. Inda suka yi dariya shi ne da aka nuna sabon gari da itatuwa masu inuwa da gulbi a bakin ƙofa. Wannan kam har da masu hawaye, don su sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga ruwa.

Da aka tashi mai tsumman nan ya ce mini fim ya yi kyau, sai dai ƙarya ɗaya: akuyarsa shi sai da mutum uku suka ɗauke ta. Na ce na rubuta wannan. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a gaya wa Kaduna.

Ban faɗi jimlar rufewa ba. Na yi kamar lasifika ta ɗauke.

Asabar, 24 ga Agusta, Yelwa

Na dawo. Kwanon da na sa ya cika ya zube, tabarma ta yi funfuna. Ba saƙo.

Litinin, 26 ga Agusta, da hantsi

Umarni ya zo: a kai majigi Gungun Kanya ranar Laraba, a nuna wa sauran gidajen Gidan Ɗangana ko sa ga haske, Alhamis jiragen gwamnati su kwashe su. In ba su shiga da daɗi ba za a zo da 'yan doka. Malam Zaidu ya ce in ina so malamin Birnin Yauri ya je a madadina. Na ce wa zai yi akuya?

Wanzami ba ya son jarfa. Na shekara ina zagaya gari-gari ina gaya wa mutane su tashi, tashi alheri ne, ga shi za a kai ni in gaya wa matata a lasifika.

Laraba, 28 ga Agusta, Gungun Kanya, bayan azahar

Mun ɗora injin wuta da ƙyalle a babban jirgi. Haruna bai saki gefen jirgin ba har muka iso, yana ta salati, shi jarumin kan titi ne kawai.

Ban gane mashigar ba. Inda ake ɗaure jirage da can ya zama ruwa, mun sauka ne kusa da rumfunan albasa. Rabin garin kango ne, an cire jinka an bar bango. Karnukan waɗanda suka tashi suna yawo.

Surukata ta rame. Ta ce ita kayanta a ɗaure suke tun sallah, ɗiyarta ce kullum da sabon dalili, ita kuma ba ta tafiya ta bar ta. Ta faɗi haka tana kallon wani wuri.

Halimatu ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙon da ya zo sayen kifi. Ina gajiya, ina aiki, ina mutanen Yelwa. Na tambayi gero, ta ce ya kusa. Na leƙa bayan gida, ko kai bai fitar ba, ruwa kuma yana taɓa kunyar farko ta gonar.

Ta ɗauki kwanoni ta ce za ta wanke-wanke. Ga ruwa nan a bakin ƙofa, amma ta bi ta cikin kangaye har ƙarshen gungu ta yamma. Na bi ta daga nesa. Can ta tsuguna, inda in ka ɗaga kai kana hango tsamiyar maƙabarta. Mata ba sa shiga, iyakarta ke nan. Kwanonin wankakku ne tun daga gida, na gani da idona.

Na koma na taya Haruna kafa ƙyalle.

Alhamis, 29 ga Agusta, da sassafe

Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Mutanen ba su da yawa. Maza a gaba, mata a baya jikin zana, ban iya ganin fuskokinsu saboda hasken inji. An ɗan yi dariya wajen jirgi. Da yarinyar ta fito wani yaro ya fara faɗin maganar, na ji an toshe masa baki. A nan kowa ya san daga bakin wa na samo ta, sun ji ta a wajen mai ita.

Ban yi kaza ba. Na ji kunyar yin kaza a gabansu. Aka juya jirgi, aka duba ɗaki, aka duba rumbu, tumbi ya maƙale, ni dai ina riƙe da lasifika ba abin da ke fita, sai kiɗan nan na banza da ƙugin inji. Ta fito, ta hau kafaɗar ubanta. Sabon gari ya bayyana. Nan ne wurin jimlar.

Na ce, “Jama'a, waɗanga zane ne. Su suna iya komawa su ɗauko nasu. Mu ba mu iyawa.”

Na ji muryata ta dawo mini daga kangaye. Ba ta Ɗangana ba ce, tawa ce, kuma rabon da in ji ta a lasifika na manta.

Na ce Allah shi jiƙan waɗanda za mu bari ƙarƙashin tsamiya, manya da yara. Aka ce amin. Na ce Allah shi ba iyayensu haƙuri. Aka ce amin. Sai na ce, “Da uwayen da ba a yi ma gaisuwa ba. Halimatu, ina yi miki gaisuwar Altine. Allah shi ba ki haƙuri.”

Wani dattijo a gaba ya yi gyaran murya, don abin da na yi ba a yi. Amin ɗin maza ta fito a rarrabe. Ta mata kuwa ta zo gaba ɗaya, da ƙarfi, har da muryoyin da ban yi zato ba. Fim ya ƙare, ƙyalle ya yi fari, Haruna ya bar shi haka bai kashe ba sai da kowa ya watse.

Ba ta zo ba. Na kwana a zauren mai gari. Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna.

Alhamis, da la'asar, Yelwa

Jiragen gwamnati sun iso da hantsi. Ana ta loda kaya, surukata na zaune a kan ƙullinta, Halimatu ba ta nan. Na san inda zan same ta.

Yau ba kwanoni. Tana tsaye kawai. Na tsaya a gefenta, ba kusa sosai ba. Idonta ya kumbura, ba ta kuma ɓoye shi ba.

Ta ce na kunyata ta a gaban gari. Na ce na sani. Ta ce bayan an watse mata sun shigo ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda nasu ya yi shekara ashirin a can, aka zauna aka yi kukan da ba a yi ba. Innarta ma ta shigo. Ta faɗi wannan ba yabo ba zargi.

Sannan ta tambaye ni ina ruwan zai kai. Na so in rage. Na nuna mata ƙololuwar tsamiyar, na ce zai wuce nan.

“Ashe ko ganye ba a gani.”

Na ce ba a gani.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce kullum da asuba, kafin kowa ya tashi, yarinyar takan lallaɓo daga shimfiɗar kakarta ta shige bayanta, ta sa ƙafafunta masu sanyi a tsakanin nata, ta ce kar a gaya wa kowa. Ita ma ta san ana jin kunyarta, tana taya uwarta ɓoyewa. Ko a Yelwa haka suke yi in ina masallaci. Shekara huɗu muna gida ɗaya ban san wannan ba.

Aka busa ƙahon jirgi. Ba ta motsa ba, ni ma ban ce mu tafi ba. Aka sake busawa.

“Haruna ya ce za a ba wani malami muryarta.”

Na ce haka ne, ni na kasa.

“Kak ka bari. Wa as san ta a Birnin Yauri?” Ta gyara mayafi. “In ka kasa ka zo in gwada maka. Kai ma ba daidai kaka yi ba, kana sa ta tsiwa da yawa.”

Ta juya ta bi ta cikin kangaye, na bi bayanta. A jirgi ta zauna kusa da Innarta, ta ba gaba baya, tana kallon gungun har ya shige. Ba wanda ya ce ta gyara zama.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

Na karɓo shafi biyuna daga wajen Malam Zaidu, na sake rubutawa. Jirgin da ya nutse ya yi. Kulu ta yi. A gaya wa mai zane ba a tuƙi da baya, akuya kuma ɗaukarta ake yi. A rage itatuwan sabon gari. Jimlar rufewa ba gaskiya ba ce, ba zan faɗe ta ba, in suna so su aiko wanda zai faɗa. Yarinyar a bar ta yadda take, ni zan yi ta.

Bai cika shafi ɗaya ba. Ya karanta ya ce zai aika haka.

Yau za a nuna kashi na biyu a filin kasuwa. Tun safe nake gwadawa a zaure, murya tana karyewa a tsakiya. Halimatu tana tsakar gida tana shanya tabarma, ba ta leƙo ba. Ɗazu dai na ji ta ce, kamar da bango take magana, “Ƙasa-ƙasa. Ba ta ihu sai an hana ta.”

Na sake daga farko.